Tun Ran Gini Ran Zane: Makewayin Gida da Lafiyar Tsofaffinmu

Duk wanda ya zaga unguwannin Daura, ko ya leƙa Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, zai ga gidajen siminti suna ta maye gurbin na ƙasa. Mai gida yakan kashe kuɗi a kan ƙofar ƙarfe da fenti da falon baƙi. Makewayi kuwa sai an gama komai ake tunawa da shi, a matse shi a wani lungu da ragowar bulo. Ra'ayina shi ne wannan lissafi a juye yake. A gidan da akwai tsoho, ko ake fatan wani ya tsufa a cikinsa, makewayi ne ya kamata a fara tsarawa.

Ya kai mai karatu, kada ka ɗauki faɗuwar tsoho ƙaramin abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa. In aka cire haɗarin hanya, babu tsautsayin da ya fi ta kisa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Tun a 2007 hukumar ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara.

Ilimin halittu ya bayyana mana dalili. Daga shekara 30 tsokar jikin ɗan Adam kan fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma raguwar sai ta ƙara sauri. Tsokar cinya, wadda ita ke ɗaga mutum daga tsugune, tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Guringuntsin gwiwa shi ma yana cinyewa, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, shi ne ciwon gwiwar da kakanninmu ke kuka da shi. Sannan akwai wasu ƙananan sassa can cikin kunne masu sanar da ƙwaƙwalwa ko jiki a miƙe yake ko ya karkata. Da su da ido da jijiyoyin tafin ƙafa ne ke haɗuwa su tsayar da mutum daidai. Tsufa yana raunana kunnen, yanar ido tana dushe gani, ciwon sukari kuma yana kashe jin tafin ƙafa.

Daɗin daɗawa, idan mutum ya daɗe a tsugune sannan ya miƙe farat ɗaya, jini yakan taru a ƙafafu, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci. Jikin yaro yakan gyara wannan nan take. Na tsoho yakan yi jinkiri, musamman mai shan maganin hawan jini, sai jiri ya ɗebe shi. In ya faɗi kuwa, ƙashinsa ba irin na da ba ne. Mata, bayan sun daina al'ada, sinadarin istirojin yana raguwa a jikinsu, ƙashi ya riƙa zubar da kalsiyam har ya zama mai ramuka-ramuka. Wuyan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu, yakan karye a faɗuwa ɗaya, daga nan sai doguwar kwanciya, da gyambon baya, da ciwon huhu.

To, mu ɗora wannan jiki a kan makewayin da muka saba ginawa. Yana can ƙarshen gida, babu fitila, ga dokin ƙofa mai tsawo. Daɓen kullum a jiƙe yake, gansakuka ta fito, ruwan sabulu ya ƙara mata santsi. Bango babu abin kamawa. A tsofaffin gidaje ma azarar da aka rufe bakin masai da ita gara tana cin ta a ɓoye, ƙasarmu kuwa rairayi ce mai saurin zaftarewa da damina. Tsofaffi maza da yawa suna tashi fitsari sau da dama cikin dare, saboda kumburin wata halitta da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke kira furostet. Haka kuma kowace asuba sai an fita kama ruwa da alwala cikin duhu, ko da sanyin hunturu ne. Kunya ba ta barin dattijo ya gaya wa ɗansa cewa tashi daga tsugune yana gagararsa. Wasu sai su rage shan ruwa don gudun zuwa bayi, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, su jawo wa kansu bushewar ciki da wahalar ƙoda.

Wani zai ce ai an yi gyara, tun da sababbin gidaje suna da tayil da bahon wanka. Tayil mai sheƙi in ya jiƙe ya fi gansakuka santsi, baho kuma sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, mutum yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Wani kuma zai ce tsuguno ya fi lafiya, kuma tsofaffinmu suna ƙyamar masan zama saboda tsoron fallatsin najasa, ga shi yana cin ruwa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin tsuguno yana miƙe ƙarshen hanji, bayan gida ya fita da sauƙi. Mai ƙarfin gwiwa ya ci gaba da tsugunonsa. Wanda gwiwa ta gaza kuwa, a gina masa ɗan dakali a kan bakin masai, mai rami a tsakiya da murfi, tsawonsa kamar santimita 45, a shafe shi da siminti yadda zai wanku. Ba ya bukatar famfo, kuma in an sa ɗan matashin katako a ƙarƙashin ƙafa, an samu wani kaso na amfanin tsuguno.

Sauran gyaran ma bai fi ƙarfin magini da mai walda na unguwa ba. A kafa bututun ƙarfe a bango, kamar santimita 80 zuwa 90 daga ƙasa, a dasa shi cikin siminti yadda zai ɗauki nauyin mutum. A yi daɓe mai kaushi wanda ya ɗan gangara zuwa rariya, a riƙa goge shi da buroshi. A cire dokin ƙofa, ko a yi masa gangara: kowane santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90 domin keken marasa lafiya ko mai rakiya, kuma ta riƙa buɗewa waje, don in mutum ya faɗi a bayanta a iya kai masa ɗauki. A ajiye kujera mai ƙarfi ta wanka da alwala, a sa fitila mai aiki da hasken rana daga ƙofar ɗaki har bayi. Wari da ƙudaje ke sa ake nesanta masai da ɗaki, to wannan ma akwai maganinsa: a shekarun 1970 Peter Morgan ya ƙirƙiro masai mai bututun iska a cibiyar bincike ta Blair da ke ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. Bututun yana zuƙe wari sama, ragar da ke bakinsa kuma tana tare ƙudaje.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Amma doka iyakarta zaure, cikin gida sai masu gida. Don haka nake kira ga malaman kimiyya su sa wannan batu cikin darasin ƙashi da tsoka, su tura ɗalibai da awo su auna ƙofa da daɓen makewayin gidajensu, su kawo rahoto aji. Masu koyar da gini a makarantun sana'a su ma su koya wa yaransu waɗannan ma'aunai, domin magini ne mai gida ke jin shawararsa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku lura da yadda Kaka ke fitowa daga bayi: tana dafa bango? Tana tsayawa ta huta? In haka ne, ku sanar da Baba cikin ladabi, domin ita ba za ta faɗa ba. Kuɗin bututu ɗaya da buhun siminti bai kai na ɗorin karaya da jinya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: wanda Allah ya ja kwanansa, wata rana shi ma zai nemi abin dafawa.