Kula da Gida: Gansakuka a Kan Soro

Idan marka ta kankama a watan Agusta, ɗaga kai ki dubi bakin indararonki. Kin ga kore-kore ya biyo bango? Gansakuka ce, kuma ba ta zama sai inda ruwa ya kwanta. A gidajenmu na ƙasa a Kankiya da Kusada, ruwan da ya kwana bisa soro shi ke ratsa yaɓe ya jiƙa azara, wata rana cikin dare rufi ya rufto kan yara. Allah Ya kiyaye.

Yawanci ganyen bedi ne da ledoji ke toshe indararo. Ki lallaɓa maigida a share, a sare reshen da ya yi wa soron inuwa. Ita kuwa gansakukar, a bari rana ta busar da ita, a kankare a hankali, magini ya bi da makuba. In rufin siminti ne, ruwan Hypo da buroshi sun isa, amma kada ki tari ruwan saman da ya fara biyo baya don sha.

Kar a tura yara, akwai santsi. Kuma a sanar da maƙwabta kafin namiji ya hau, matan gida su kintsa.