Gilashin Baba Ba Gwangwan Ba Ne

Jama'a, abin da na gani a Zongo Lane ya ƙona mini rai. Yaro ya kawo gilashin zuƙo hoto na marigayi mahaifinsa, mai hoton biki a Nima, ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli! Vivitar Series 1 ne fa, 70-210. A wancan zamanin Vivitar ba ya ƙerawa da kansa, kwangila yake bayarwa a Japan. Ku dubi lambar bakin gilashin: 37 aikin Tokina ne, 28 Komine, 22 kuwa Kiron, fitowar farko ta shekarun 1970. Wannan da 22 ta fara. Kullum ana bugo mini waya a rediyo wai an manta da tarihin zango, alhali mu ke auna shi da kilo. Na biya na ɗauke, yaron ko dalili bai tambaya ba.