Baƙin Allon Kwamfuta: Darasin Da Makarantunmu Suka Tsallake

A watan Afrilun 2025 Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin koya wa matasan Ghana miliyan ɗaya rubuta manhajar kwamfuta. Kafin nan, Dakta Mahamudu Bawumia, ɗan Walewale, ya yi shekara takwas yana mataimakin shugaban ƙasa, kullum maganarsa a mayar da ayyukan gwamnati kan na'ura. Manyan jam'iyyun biyu dai sun yarda can duniya ta dosa. To, yaron Walewale ko Salaga ko Yendi ko Bawku, ta wace ƙofa zai shiga?

Ni malamin makaranta ne, kuma a ganina ƙofar da ta fi dacewa da halinmu ita ce wadda muka tsallake: baƙin allon nan na kwamfuta, inda babu hoto babu linzami, sai dai ka rubuta umarni na'ura ta aikata. Masu sana'ar suna kiran manhajar da ke karɓar umarnin shell, kuma wadda aka fi amfani da ita ita ce Bash, da Brian Fox ya fitar a 1989 don maye gurbin wadda Stephen Bourne ya rubuta a Amurka shekara goma kafin nan.

Ku tuna Malam Richard Appiah Akoto na Sekyedumase a yankin Ashanti. A 2018 hotonsa ya zagaya duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli, don makarantarsa ba ta da kwamfuta. Ya cancanci yabo, wallahi. Amma hoton ya tona wani abu: darasinmu ya ta'allaƙa ne kan haddace inda maɓalli yake. Ranar da kamfani ya sauya fasalin manhajar, haddar ta tashi a banza. Umarnin baƙin allo kuwa, irin su ls da cd da cp, sun haura shekara arba'in suna aiki yadda suke. Kuma rubutu ne zalla, yaro zai iya kwafe shi a littafi kamar yadda yake kwafe lissafi.

Ga misali daga aikinmu na kullum. Malami yana da fayil mai sunayen ɗalibai da makinsu. Umarnin grep zai tsamo masa 'yan aji ɗaya, sort ya jera su daga na sama zuwa na ƙasa, wc ya ƙirga su. Idan ya tara umarnin nan uku a fayil guda ya ajiye, ya rubuta ƙaramar manhaja ke nan. Zangon karatu mai zuwa layi ɗaya zai buga, aikin yini ya ƙare kafin shayi ya huce. Yaron da ya ga haka da idonsa ya fahimci asalin sana'ar: ka raba aiki mataki-mataki, ka faɗa wa na'ura sau ɗaya, ta yi ta maimaitawa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ciwonmu a nan Arewa. Baƙin allo ba ya neman sabuwar kwamfuta. Tsohuwar da aka jingine a ofishin shugaban makaranta, idan aka sa mata Linux, wanda kyauta ne, ta wadatar. Ba ya cin data, don bayan an sauke shi babu ruwansa da intanet. Ko wayar Android ma, akwai manhajar Termux da ke buɗe wannan allo a cikinta. Wayar da yaro ke kwana da ita a TikTok za ta iya zama ajinsa.

Na san abin da wasu 'yan uwana malamai za su ce: jarabawar BECE na jiranmu, yara na buƙatar Word da Excel, Turancinsu ma bai nuna ba. Gaskiya ne, ban ce a jefar da manhajar karatu ba. Amma umarnin da mai farawa ke buƙata ba su wuce ashirin ba, akasarinsu harufa biyu zuwa biyar ne. Yaron da ya iya haddace karatun allo tun yana ɗan shekara shida, wannan ba zai gagare shi ba. Wasu kuma za su ce akwai haɗari, tunda umarnin rm yana share fayil ba tare da ya tambaye ka ba, kuma babu kwandon shara da za ka koma ka ɗauko. Ai wannan ma tarbiyya ce: ka karanta abin da ka rubuta kafin ka danna.

Kuma a nan aikin yake. Yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet Linux suke amfani da shi, ta baƙin allo ake sarrafa su daga nesa. Wanda ya iya, yana zaune a Walewale zai kula da na'urar da ke Accra. Wanda bai iya ba, ko ya koyi Python, kullum sai ya nemi mai buɗe masa ƙofa.

Saboda haka ina kira ga kwalejojin horar da malamai, irin ta Gambaga da ke kusa da mu, su fara koya wa malamai wannan tun kafin su fito. Malaman da suka karɓi kwamfuta a shirin da gwamnati ta fara a 2021, mu ware awa ɗaya a mako bayan an tashi, mu zauna da yara goma. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa kan baƙin allo yana ta buga harufa, kada ku ce wasa yake ko damfara yake koyo. Ku matso ku tambaye shi me ya umarci na'urar ta yi.