Wanke Injin Tsohuwar Mota: Ku Daina Da Fetur, Ku Daina A Bakin Kanal

Duk wanda yake bin hanyar Kano zuwa Zariya lokacin kakar tumatir ya san yadda Kwanar Gafan take cika da J5 da kanta da tsofaffin akori-kura. Wasu daga cikin motocin nan sun girmi direbobinsu. Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975 har yau akwai masu tayar da ita daga kwance, tunda kuɗin sabuwar mota ya fi ƙarfin talaka. Aikin farko a wajen tayar da irin wannan mota shi ne wanke inji, kuma a nan ne da yawanmu muke yin ɓarna.

A ganina wanke inji wajibi ne, amma yadda aka saba yi a yankinmu na Garun Malam da Kura da Bunkure kuskure ne: a zuba fetur a roba, a kai mota bakin kanal, a watsa mata ruwa da injin ban-ruwa.

Me ya sa za a wanke tun farko? Za ka ji wani bakanike yana cewa, “Bar shi da dattinsa, in ka wanke yoyo zai fito.” To ai yoyon yana nan dama, dattin ɓoye shi ya yi. Baƙin mai da ya haɗu da ƙurar hunturu yana zama kamar bargo a jikin inji, yana riƙe zafi, yana cinye robobi da fanbel. In ka wanke tsaf ka tayar da inji na minti goma, da fitilar wayarka za ka ga ta inda mai yake tsattsafowa, ko gaskit ne ko sil. Ka ga ka huta da sayen kayan da ba su ne suka lalace ba.

Sai maganar fetur. Gaskiya yana narkar da maiƙo nan take, shi ya sa ake sonsa. Amma tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana bin ƙarƙashin mota. Tartsatsi ɗaya daga kan batir, ko wani ya wuce da taba, shi ke nan. Kananzir ko gas ba sa kamawa da sauri haka, kuma suna aikin. In da hali, maganin wanke inji na kwalba ya fi duka. Soda kuwa kar ka kusanto da ita, kan injin 504 na alminiyom ne, cinye shi take yi.

Ga yadda ya kamata a bi:

1. Ɗauki hoton injin da wayarka ta kowane gefe kafin ka taɓa waya ko ɗaya. Lokacin mayarwa za ka gode wa kanka, musamman wayoyin filogi.
2. Bari inji ya huce. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi.
3. Cire kan batir, ka fara da na nagetif.
4. Ɗaure kafireta da distirbuta da altaneta da bakin shigar iska da leda.
5. Kankare daskararren maiƙo da katako, ka tara shi a kwali.
6. Shafa kananzir da buroshi, ka ba shi 'yan mintuna, ka bi da ruwan omo, sannan ka ɗauraye da ruwa kaɗan-kaɗan daga buta.
7. Goge, cire ledoji, bar bonet a buɗe ya sha rana kafin ka tayar.

Bidiyon TikTok da kake gani ana feshin inji da ruwa mai ƙarfi yana da daɗin kallo, amma tsohuwar mota mai tsofaffin wayoyi ba ta jure wannan. Ruwa ya shiga distirbuta, sai ka wuni kana turi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ruwan kanal ɗin nan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a 1974, kuma shi ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da albasa da alkama. Dabbobi suna sha, yara suna wanka a ciki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce galan ɗaya na tsohon baƙin mai na iya gurɓata ruwa galan miliyan ɗaya. Mai yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya hana iska shiga, kuma yana ɗauke da guba daga ƙarafan inji. Kai ka wanke motarka ka tafi, manomin da ke ƙasa da kai shi zai buɗe ruwan ya shiga gonarsa. Kuma tumatirin da ya noma, motarka ce za ta ɗauka gobe. Ka ga kenan abincinka kake zuba wa.

Wani zai ce ai ruwa mai gudu ne, yana tafiya da komai. Haka ne, amma ƙarshen tafiyar tasa gonar wani ce.

Gyaran ba shi da tsada. Ka yi aikin nesa da kanal da rijiya, ka shimfiɗa leda babba a ƙarƙashin inji, ka zuba ƙaiƙayin shinkafa a kai, wanda a Kura ba a rasa shi. Zai tsotse man. Abin da ya taru a daro ka juye a jarka ka kai wa masu sayen tsohon baƙin mai. Masu wanke injin ban-ruwa da babur mai ƙafa uku, ku ma maganar ta shafe ku.

Wanda ya san direba ko bakanike a yankin nan, don Allah ya tura masa. Allah Ya ba mu damina da rani masu albarka.