A Bar Matasan Zango Su Karanta Littattafan Soyayya

Iyayenmu na zangon Kumasi, don Allah a daina ƙwace littattafan soyayya daga hannun ƙannenmu. A makaranta Turanci da Tiwi ake koya mana, Hausa kuwa sai a baki. Da yawanmu daɗin labari ne ya koya mana karanta ta. Duk wanda ya riƙe In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya san yadda Sumayya da Muhammad ke hana ido barci. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) kuwa, labarin magidancin da ya kori uwargidansa da 'ya'yanta ne. Wane zango ne babu irinsa? Akwai na banza a cikinsu, gaskiya ne. To, ku zauna mu tantance tare.