RA'AYI: A Daina Haɗa Dutsen Guga "Darek"

'Yan'uwana ɗalibai, duk mai goge yunifom ɗinsa da kansa ya san ƙarar nan ta "ƙas" da dutsen guga na lantarki yake yi, sai 'yar fitilarsa ta mutu, can an jima ta sake kamawa. Wannan aikin wata 'yar na'ura ce da ke cikinsa, sunanta tamostat. Ita ce ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita, ta mayar idan ya sauka. A ƙasashe masu sanyi irin su Ingila, irinta ce ake liƙawa a bango tana kunna abin ɗumama gida da kashe shi. Mu a nan tana cikin dutsen guga, firij da hitar ruwan wanka.

'Yan SS1 sun san sirrinta daga darasin Fiziks. Ƙarfe ne iri biyu, misali tagulla da baƙin ƙarfe, aka manne su wuri guda. Tagulla ta fi saurin miƙewa idan ta ji zafi, don haka sai ƙarfen ya lanƙwashe ya rabu da inda yake taɓawa, wuta ta yanke. Da ya huce sai ya koma.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗabi'ar wasu masu gyara. Ka kai dutsen da ya daina zafi, sai a ce tamostat ya mutu, a tsallake shi a haɗa wayoyin kai tsaye, wai an yi maka "darek". Ka biya kuɗi kaɗan, ka dawo kana murna dutse ya tashi. Ya tashi kam, amma ya rasa birki. Dutsen da ke jan wat 1000 ko fiye, ba abin da zai tsayar da zafinsa sai ka zare filogi. Dubi 'yar takardar da ke wuyan riga: ɗigo ɗaya a hoton dutse yana nufin wajen digiri 110, biyu 150, uku 200. Yadin roba ba ya jure abin da auduga ke jurewa, shi ya sa hijabi ke narkewa ya liƙe a dutse. Wannan ma mai sauƙi ne. Ka tuna yadda ake ɗauke wuta ana tsakiyar guga, mutum ya manta ya tafi firef, a dawo da ita dutse na kife kusa da katifar soso, ga iskar hunturu.

Wani zai ce sabon tamostat ya fi tsada, kuma ba kullum ake samun daidai da na dutsenka ba. Gaskiya ne. Amma a kwatanta kuɗinsa da na yunifom ɗaya tukuna.

Kuma sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Kafin a yanke masa hukunci a gwada wani soket, a duba fiyus ɗin cikin filogi, a duba waya, musamman daidai inda take shiga dutsen, don can ta fi karyewa. Idan duk lafiya, mai gyara ya sa mita ya auna. Wani lokaci bakin ƙarfen ne kawai ya yi baƙi, a goge da sanfefa mai laushi ya ci gaba da aiki. In kuwa dutse yana zafi ba tsayawa, fitila ba ta mutuwa, to bakin ya manne, sai canji. Buɗe dutse ba aikin ɗalibi ba ne a ɗakin kwana, balle yana jone da wuta.

Roƙona ga malamanmu masu kula da ɗakunan kwana: a gwada kowane dutse a farkon zango, wanda fitilarsa ba ta mutuwa a ajiye shi har a gyara. Malamin Fiziks kuma ya taimaka ya buɗe mana mataccen dutse ɗaya a lab, mu ga ƙarfen nan da idonmu.