Raddi ga masu son a raba mabiya Hare Krishna gida huɗu

Tun bayan mutuwar Bhaktivedanta Swami Prabhupada a 1977 ake ja-in-ja a cikin ƙungiyar da ya kafa a Niyok a 1966, wato ISKCON, wadda aka fi sani da Hare Krishna. Wasu daga cikin malamanta suna kira da a tsara mabiya bisa varnashrama, tsohon tsarin Indiya da ya kasa mutane gida huɗu: Brahmana masu ilimi da jagorancin ibada, Kshatriya masu sarauta da yaƙi, Vaishya masu noma da kiwo da fatauci, sai Shudra masu yi wa sauran hidima. Ni ba mabiyin wannan addini ba ne. Abin da ya sa na tsoma baki shi ne magana ce ta mutuncin ɗan'adam, kuma ƙungiyar tana da wuraren ibada a Legas da kusa da Akara, wato har da 'yan Afirka a cikin waɗanda za a kasa. Hujjoji huɗu masu wannan kira suke juyawa, ga su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko. Sun ce a babi na 4 na Bhagavad Gita, littafinsu mai tsarki, an jingina rabon ga hali da aiki, ba a ambaci haihuwa ba, saboda haka abin da suke nema daban yake da wariyar gado da aka san Indiya da ita.

Amsa. Gaskiya ne haka lafazin yake. Amma a babin farko na littafin, abin da ya tayar wa Arjuna, jarumin littafin, hankali shi ne kada yaƙi ya lalata gidaje, a haifi 'ya'yan da jininsu ya gauraya tsakanin ajin nan da wancan. Wannan tsoro ba shi da ma'ana sai in da haihuwa ake auna mutum. Kuma an riga an gwada wannan shawara. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ita ma cewa ta yi a raba mutane bisa cancanta. A 1936 Dakta Ambedkar, jagoran masu yaƙi da wariyar gado a Indiya, ya amsa mata a littafinsa na rusa wariyar gado, ya nuna cewa muddin aka bar sunayen nan huɗu, tsohuwar ma'anarsu za ta biyo su, kuma babu mai iya sa wanda ya gaji ɗaukaka ya sauke ta da hannunsa. To, wa zai zauna ya auna halin yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ce kai Shudra ne? Wane shugaban gidan ibada ne zai rubuta sunan ɗan cikinsa a ajin ƙasa? Mu da muke cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya mun san inda abin zai ƙare: kafin jikoki su girma, cancanta ta koma gado.

Hujja ta biyu. Sun ce umarnin Prabhupada ne, domin a watan Maris na 1974 a Vrindavan ya yi ta maganar kafa makarantar varnashrama.

Amsa. Ya yi maganar, ba mai musu. Amma aikin mutum shi ke fassara maganarsa. Ya rataya wa Amurkawa da Turawa zaren Brahmana, mutanen da tsohon tsarin ba ya ma lissafa su cikin gidajen huɗu, kuma ya mutu bai kasa almajiransa ba. Malaminsa, Bhaktisiddhanta Sarasvati, haka ya yi a Bengal, masu gadon limanci suka yi masa ca. Idan kuma asali ake so, a koma ga Caitanya, wanda aka haifa a Navadvip a 1486, wanda duk ɗariƙar take jingina gare shi. Littafin tarihinsa na Krishnadasa Kaviraja ya kawo zamansa da Ramananda Raya a bakin kogin Godavari. Caitanya ya tambaye shi manufar rayuwa, Ramananda ya fara da kiyaye varnashrama, Caitanya ya nuna masa wannan ɓawo ne, ya nemi ya ƙara gaba. Wanda ake tambayar ma ba Brahmana ba ne.

A dubi kuma ranar da Haridas, almajirin Caitanya, ya mutu a Puri. Mutum ne da aka haifa a gidan Musulmi, wanda ko haikalin Jagannath na garin ba ya shiga. Caitanya, Brahmana ɗan Brahmana, ya rungumi gawar ya ɗaga, aka kai ta bakin teku aka wanke, ya zuba mata rairayi da hannunsa, sannan ya bi masu shaguna yana roƙon abincin da za a yi masa sadaka. A ƙa'idar gidajen huɗu, taɓa wannan gawa ƙazanta ce. Kabarin yana nan a Puri har yau. Duk mai son gina katanga a wannan ɗariƙa, sai ya fara tsallake shi.

Hujja ta uku. Sun ce ba kowa ne zai iya rayuwar malami ba. An ɗora wa samari nauyin da ya fi ƙarfinsu suka zube, don haka a ba kowa matsayinsa, a koma gona da kiwon shanu.

Amsa. Wannan ce mafi ƙarfi a hujjojinsu, kuma rabinta gaskiya ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, a duba ta ina ɓarnar ta shigo. Cikin mutum goma sha ɗaya da suka gaji jagoranci bayan 1977, mafi yawansu sun sauka ko an sauke su. Shugaban gonar New Vrindaban da ke Amurka an kore shi a 1987, daga baya ya shiga kurkuku. Yaran da aka ci zarafinsu a makarantun kwana na ƙungiyar sun shigar da ƙara a Dallas a 2000, aka sasanta a 2005 kan dala miliyan 9.5. Duk wannan daga sama ya gangaro, daga masu iko da babu mai tuhumarsu. Ta yaya za a magance cutar iko marar linzami da ƙirƙiro ajin mutanen da aikinsu kawai biyayya? Noma kuwa ƙasa yake so, da iri, da shanun huɗa, da kasuwa. Ba a taɓa jin gonar da ta ƙi yin yabanya don manominta ba shi da laƙabi ba.

Hujja ta huɗu. Sun ce a ruhi kowa ɗaya ne, rabon na aiki ne kawai, kuma kalmar Shudra ba zagi ba ce.

Amsa. Wanda bulala ta sauka a bayansa shi ya san zafinta. A 1927 sai da Ambedkar ya jagoranci dubban mutanen da ake ƙyamar taɓa su a garin Mahad kafin su sha ruwan tafkin gari, ruwan da dabbobi ke sha ba a hana su. Waɗannan ko cikin gidajen huɗun ba a saka su ba, domin duk inda aka yi gida huɗu sai an sami na biyar a bayan katanga. Sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar taɓa su, amma har a 2013 sai da majalisa ta sake yin dokar hana sa mutane kwasar bayan gida da hannu. Ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 200. Har gobe haikalin Jagannath ba ya barin baƙin mabiya Hare Krishna su shiga, komai daɗewarsu a ibada. Mutumin Gana ko na Nijeriya da ya shiga ƙungiyar, a wane gida ake jin idon jama'a zai ajiye shi?

Hukunci a nan a bayyane yake. Ƙungiyar ta raba aiki yadda ta ga dama: mai karantarwa ya karantar, mai noma ya yi noma, mai riƙon kuɗi a bincike shi, kowa kuma ya iya sauya sana'a in ya so. Amma kada ta rataya wa kowa suna daga cikin sunayen nan huɗu. Ɗariƙar da jagoranta ya ɗauki gawar Haridas a hannunsa ba ta da hujjar tambayar mabiyi ajinsa.